KOWACE HALITTA DA MA'AUNINTA: TAFAKKURI A KAN ZAFIN JIKI, NUMFASHI DA CIMAR DABBOBI

Gabatarwa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci rai, Ya kuma ajiye wa kowane mai rai gwargwadon da zai rayu a kansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah magadansa, musamman Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A), wanda saboda tunawa da shi aka haɗu a wannan maukibi mai albarka. 

Tafakkuri a kan halitta ibada ce wadda magabata suka ba muhimmanci ƙwarai. Imam Gazali (R.A), wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya keɓe masa littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din. Kafin shi, Jahiz na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan, bayansa kuma Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya wallafa Hayatul Hayawan. Wannan takarda za ta bi wannan turba, ta dubi yadda dabbobi ke daidaita zafin jikinsu da numfashinsu da ƙonewar abinci a cikinsu. Abin da ake so a fito da shi guda ɗaya ne: kowace halitta an yanka mata ma'auninta, kuma zaman lafiyarta yana cikin tsayawa a kan wannan ma'auni. Muridin da ya fahimci haka zai san yadda zai riƙe jikinsa, wanda shi ne abin hawansa a tafiya zuwa ga Allah.

Wutar da ke Cikin Jiki

Duk mai rai yana ɗauke da wuta marar harshe a cikin jikinsa. Abincin da ya ci shi ne makamashi, iskar oksijin da ya shaƙa ita ce mafici, abin da ke fitowa kuwa shi ne ƙarfi da ɗumi da ruwa da iskar kabon. A hunturun 1782 zuwa 1783, masana biyu na ƙasar Faransa, Lavoisier da Laplace, suka sanya wata 'yar dabba mai kama da ɓera a cikin akwatin da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar, suka kuma auna iskar kabon da take fitarwa. Da suka kwatanta da gawayi mai ci, sai suka ga lissafin ya yi kusa da juna ƙwarai. Daga nan aka gane cewa numfashi ƙonewa ce da ke gudana sannu a hankali.

Dangane da wannan wuta, dabbobi sun kasu gida biyu. Akwai masu hura wutarsu da kansu, wato dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye. Jikin ɗan Adam yana tsayawa a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, na tsuntsaye kuwa tsakanin 40 da 42, ko ana sanyi ko ana zafi. Akwai kuma masu aron ɗumin rana, kamar ƙadangare da maciji da kada da kwaɗo. Shi ya sa ake ganin ƙadangare da hantsi ya baje a kan katanga, ba ya fita farauta sai jikinsa ya ɗauki zafi, idan rana ta take kuma ya koma inuwa. Kowane ɓangare da ribarsa da harajinsa. Mai hura wutarsa yana iya aiki dare da rana, amma dole ya yawaita ci. Mai aron rana ba ya kataɓus a cikin sanyi, amma abin da yake buƙata na abinci bai wuce kusan kashi ɗaya bisa goma na abin da dabba mai shayarwa mai girmansa ke buƙata ba.

Girman jiki ma yana da hukunci a kan wannan wuta. A shekarar 1932, wani masani mai suna Max Kleiber ya nuna cewa gwargwadon girman dabba, gwargwadon lafawar wutar kowane yanki na jikinta. Zuciyar ɓera tana bugawa fiye da sau 500 a minti guda, ta giwa kuwa wajen sau 30. Ƙaramar halitta tana saurin zubar da ɗumi, domin fatarta ta yi yawa idan aka gwada da cikinta, saboda haka ba ta da hutu wajen neman abinci. Babbar halitta kuwa damuwarta ita ce yadda za ta fitar da ɗumin da ya taru mata. Da za a ba giwa wutar ɓera, da ta dahu a tsaye. Da za a ba ɓera wutar giwa, da sanyi ya kashe shi.

Raƙumi da Sirrin Tozonsa

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Gashiya, ya kira mutane su dubi halittar raƙumi. Masu azalai da ke ratsa Tenere zuwa Bilma sun daɗe da sanin juriyarsa, amma bayanin yadda wannan juriya take aiki ya fito fili ne a shekarun 1953 da 1954, lokacin da masani Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa suka zauna a Bani Abbas, cikin saharar Aljeriya, suna auna raƙuma.

Sun tarar cewa raƙumin da ke samun ruwa kullum, zafin jikinsa ba ya sauyawa fiye da digiri 2 tsakanin safiya da maraice. Idan kuwa ya rasa ruwa, sai ya bar jikinsa ya sauka zuwa wajen digiri 34 da asuba, sannan ya yi ta hawa har ya haura 40 da la'asar, kafin ya soma gumi sosai. Zafin da ya tara da rana, sai ya sake shi ga iskar dare ba tare da ya kashe ruwa ba. Ga raƙumi mai nauyin kilo 500, wannan dabara kaɗai tana tsimin ruwa kimanin lita 5 a yini.

Tozo kuwa kitse ne, babu ruwa a cikinsa kamar yadda wasu ke zato. Hikimar tara kitsen wuri guda ita ce sauran jiki ya samu damar fitar da zafi, ga shi kuma guzuri ne na ranar yunwa. Gashin bayansa laima ce, domin an gwada an ga raƙumin da aka yi wa aski ya fi mai gashi asarar ruwa nesa ba kusa ba. Lunguna na cikin hancinsa suna tare danshin numfashi kafin ya fita. Ƙodarsa tana kaurara fitsari, kashinsa kuma busasshe ne. Yana iya rasa ruwan da ya kai rubu'in nauyin jikinsa bai faɗi ba, idan kuma ya iso rijiya ya sha kimanin lita 100 a cikin 'yan mintoci, ƙwayoyin jininsa masu siffar ƙwai su kumbura ba tare da sun fashe ba. Duk wannan baiwa ce da aka keɓe shi da ita. Ɗan Adam da zai rasa rabin wannan ruwa, da rayuwarsa ta shiga haɗari babba.

Sauran Hanyoyin Maganin Zafi

Kare ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafarsa, saboda haka haki yake yi, ya zaro harshe, numfashinsa ya haura sau 300 a minti, danshin bakinsa ya bi iska ya tafi da zafi. Hakin nan ruwa yake ci, shi ya sa ƙishirwar kare take da tsanani. Wanda ya san haka zai ƙara fahimtar labarin da ya zo a hadisi ingantacce, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a cikin huffinsa ya shayar da kare mai haki, Allah Ya gafarta masa. Kaji ma ba su da gumi, buɗe baki suke yi su saki fikafikai, kuma da bazara sukan mutu da yawa a akurkin da ba ya samun iska.

Giwa tana tura jini zuwa faffaɗan kunnuwanta, ta yi ta kaɗa su har jinin ya huce ya koma ciki. Dorina tana wuni a ruwa, sai dare ta fito kiwo, domin fatarta ba ta jure bushewa. Kada yakan kwanta a gaɓa ya wangale baki, idan zafi ya yi masa yawa ya silale cikin ruwa.

Ƙudan zuma kuwa, wanda aka sanya wa sura guda sunansa a cikin Alƙur'ani, aikinsa na jama'a ne. Ƙuda guda ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa na tsawon lokaci, amma taronsu yana tsayar da zafin wurin renon 'ya'ya a tsakanin digiri 34 da 35. Idan sanyi ya shigo, sai su dunƙule su riƙa karkaɗa tsokar fikafikansu ba tare da sun tashi ba, ɗumi ya samu. Idan zafi ya yi yawa, wasu su ɗebo ruwa su yayyafa a kan saƙa, wasu su jeru a bakin amya suna fifita. Abin da ɗaya ya kasa, jama'a ta iya, kuma wannan shi ne asalin hikimar zawiya da halƙar zikiri.

Numfashi

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wato sama da sau 20,000 a yini da dare idan aka ɗauki matsakaici. Iskar da ke shiga tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, wadda ke fita tana da kimanin kashi 16. A cikin huhu akwai ƙananan jakunkuna miliyoyin ɗaruruwa, inda jini ke sauke kabon ya ɗauki oksijin. Likitan Musulmi Ibnun Nafis, haifaffen Sham wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ne ya bayyana cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya isa ɓangaren hagu, ƙarnoni kafin Turawa su rubuta haka.

Abin mamaki shi ne, bawa ba shi ne ke tafiyar da wannan aiki ba. Akwai wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa da ke lura da yawan kabon a cikin jini, da zarar ya ƙaru sai ya umarci ƙirji ya buɗe, mutum yana farke ko yana barci, yana cikin ɗa'a ko yana cikin gafala. Dorina ma tana barci a ƙarƙashin ruwa, duk bayan 'yan mintoci jikinta ya taso da ita ta shaƙi iska ta koma, ba tare da ta farka ba. Saboda irin wannan ne sufaye suka ɗauki kowane numfashi a matsayin kyauta sabuwa wadda za a tambayi bawa a kanta, har mashayihan Naƙshabandiyya suka sanya farkawar zuciya a cikin kowane numfashi cikin ginshiƙan tafarkinsu.

Numfashin tsuntsu ya sha bamban da na mutum. Bayan huhu, yana da jakunkunan iska a sassan jikinsa, waɗanda ke sa iska ta ratsa huhun ta fuska guda, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. A watan Nuwamba na 1973, wani jirgin sama ya yi karo da mikiya a sararin Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, a tsayin mita 11,300, alhali dutsen Everest da ya fi kowane dutse tsawo bai kai mita 9,000 ba. A wannan tsayi, mutumin da ba shi da tukunyar oksijin zai suma cikin ɗan lokaci. Ita kuwa mikiya an ba jininta ƙarfin kama oksijin ko da ya yi ƙaranci, domin can aka ajiye mata hanyarta.

Masu Rage Wutarsu

Akwai halittun da idan zamani ya yi tsanani, sai su rage wutar jikinsu su jira sauƙi. Masunta na fadamun Haɗeja da Nguru da na Tafkin Chadi sun san gaiwa, kifin da ke da huhu. Idan ruwa ya soma janyewa, sai ta haƙa rami a cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar kwasfa, ta bar 'yar kafa wadda iska ke shiga. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashinta ya yi nisa da juna, ta daina ci da sha har tsawon rani. Abin da ke riƙe da ita shi ne naman jikinta da take narkarwa kaɗan-kaɗan, kuma wannan ya gaskata abin da Hausawa suka daɗe suna faɗa, cewa gaiwa jikinta take ci. Ranar da ruwan sama ya jiƙa lakar, sai ta farfaɗo ta ci gaba da iyo.

Damo, wanda ake wa kirari da sarkin haƙuri, yana cin abinci sosai da damina ya tara kitse, da rani kuma ya shige rami ko kogon itace ya yi watanni yana azumi. A can Alaska ta ƙasar Amurka, inda sanyi ne abokin gaba, akwai wani kurege da ke kwanciya a rami fiye da rabin shekara. A 1989 masani Brian Barnes ya ba da rahoton cewa zafin jikin wannan kurege yana sauka har digiri 2.9 ƙasa da sifiri, jininsa bai daskare ba. Amma duk bayan mako biyu zuwa uku sai ya yi makyarkyata ya maido da ɗumin jikinsa na ɗan lokaci, sannan ya sake komawa. Ko wannan dogon barci ma yana da iyaka da ƙa'ida.

Ma'aunin Ɗan Adam

A nan ne ya kamata muridi ya tsaya ya yi wa kansa hisabi. Yana da kyau ya koyi haƙuri daga damo, da tsimi daga raƙumi, da haɗin kai daga zuma, da kyautata zato ga zuwan rahama daga gaiwa. Sai dai ɗabi'unsu ake koyi da su, jikinsu kuwa nasu ne. Ɗan Adam ba a ba shi ikon sakin zafin jikinsa ya yi yawo kamar na raƙumi ba, ba a kuma ba shi ikon kashe wutarsa kamar gaiwa ba. Ƙwaƙwalwarsa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jikinsa ba, tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfinsa, kuma ba ta hutawa. Babban makaminsa a kan zafi shi ne gumi, wanda kan wuce lita guda a awa ɗaya ga mai tafiya cikin rana. Idan ba a mayar da wannan ruwa ba, gumi ya ragu, zafin ciki ya haura digiri 40, sai hankali ya rikice, gaɓoɓi su soma lalacewa. A aikin Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mahajjata 1,301, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da mafaka ba. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Shari'a ta riga likitoci sanin wannan iyaka. Ya tabbata cewa Manzon Allah (S.A.W) ya yi umarni a jinkirta sallar Azahar har rana ta yi sanyi idan zafi ya tsananta. Bukhari ya ruwaito labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba inuwa, ba magana, yana kuma azumi. Annabi (S.A.W) ya sa aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa. Ibadar aka bar masa, azabtar da jikin aka hana shi. Haka nan ya rage wa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (R.A) yawan azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa a tafarkin sufaye ba a shiga halwa, ko a ƙara wuridi, ko a ɗauki doguwar yunwa, sai da izinin shehu, domin shi ne ya san gwargwadon da kowane almajiri zai iya ɗauka.

Haka abin yake a zikirin anfasu. Numfashi mai sauri da zurfi yana fitar da kabon daga jini fiye da ƙima, wannan kuwa yakan kawo jiri da tsuwar kunne da mutuwar yatsu. Halin da Allah ke saukarwa a zukatan masu zikiri gaskiya ne, amma jirin jiki abu ne daban, kuma masana tafarki sun san bambancinsu. Saboda haka mai zikiri ya bi takun muƙaddami, kada ya yi gaban kansa. Wanda ya ji kansa yana juyawa ya zauna ya sassauta numfashi, ladansa yana nan. Mai ciwon zuciya ko asma ko hawan jini ya sanar da muƙaddaminsa tun kafin a kafa halƙa.

Da yake watan Rabi'us Sani yana zagaya damina da hunturu da bazara a cikin kimanin shekara 33, kowane maukibi da irin tanadin da yake bukata. A shekarun zafi, masu shirya taro su wadata hanya da ruwan sha da rumfuna, a ba tsofaffi da yara da masu juna biyu wuri a inuwa. Idan an ga wani ya rikice ko ya yanke jiki ya faɗi, a kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a zuba masa ruwa a jiki ana fifita, a gaggauta kai shi asibiti, kada kuma a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. A shekarun sanyi, baƙin da ke kwana a zawiyoyi da soraye su kiyayi rufe ɗaki da kaskon gawayi ko janareta a ciki, domin suna fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin, mutum ya wuce cikin barcinsa. Dabbobin gida ma amana ce: jakin da ke dakon kaya, da shanun huɗa, da ragon da aka ɗaure a turke, kowannensu yana da haƙƙin ruwa da inuwa da hutu a tsakar rana.

Kammalawa

Ƙadangare a kan katanga, da raƙumi a cikin rairayi, da mikiya a samaniya, da gaiwa a cikin laka, babu wanda ya zaɓi ma'auninsa, babu kuma wanda ya ƙetare shi ya tsira. Ɗan Adam ne kaɗai aka ba hankalin da zai san nasa ma'aunin, aka kuma ɗora masa alhakin kiyaye shi. Wanda ya sake wa jikinsa linzami, sha'awa za ta kai shi inda ba ya so. Wanda kuma ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, zai durƙushe da shi tun ba a kai zango ba. Tafarkin Sidi Abdulƙadir (R.A) yana tsakanin waɗannan biyun, bisa Littafi da Sunna da jagorancin shehu.

Allah Ya sanya albarka a cikin numfashin 'yan'uwa baki ɗaya, Ya sa na ƙarshensa ya fita da kalmar shahada. Allah Ya jiƙan shehunnai da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, Ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya maimaita wannan taro cikin alheri.